Sabon Fenti, Jiƙaƙƙen Bango

Wanda ya kama sabon gidan haya da rani a Argungu bai ga gidan ba tukuna. Fenti ya gani, da tayil mai sheƙi. Sai Agusta, lokacin da Gulbin Rima ya cika, fadama ta sha ruwa har ta ƙoshi, sannan gidan yake nuna halinsa. Laima ta taso daga gindin bango ta kai gwiwa, fenti ya kumbura yana ɓarewa, wani fari-fari kamar kanwa ya feso. A janye katifa a tarar bayanta ya yi baƙi. Kayan amarya da ke cikin akwati su ɗauki wari.

Ba abin mamaki ba ne. A unguwannin da ke gangaren fadama ruwa na kusa da ƙasa, kuma bulo yana shan ruwa ya tura shi sama. Ledar da ake shimfiɗawa kafin a zuba daɓe ita ke tare shi, kuɗinta kuwa bai taka kara ya karya ba, amma ita ake fara tsallakewa idan ana gaggawar zuba 'yan haya. Haka bututun da aka binne a bango ba a gwada shi da ruwa ba, da sokawe da ke cika tun daminar farko ya dawo da ƙazanta banɗaki.

Ka kai wa mai gida kuka, amsar ɗaya ce: “Haƙuri, Malam, sabon gini ne, zai bushe.” Dillali ya karɓi la'adarsa ya yi gaba. Malamin makaranta ko ɗalibin Kwalejin Adamu Augie da ya haɗa kuɗin shekara da ƙyar, shi zai kira mai gyaran famfo da kuɗin cefane.

Abin da ke damuna shi ne, ɗan haya yana ɗauka alfarma yake nema. Alhali fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu ke hukunci da shi ya san wannan matsala tun da daɗewa. Muhtasar na Halil ya kawo misalin yoyon rufi da kansa: ba a tilasta wa mai gida gyara, amma idan aibin yana cutarwa, ɗan haya na da zaɓin fasa hayar ya fita, ba a bin sa kuɗin sauran watanni. In ya zaɓi zama, cikakken kuɗi ya hau kansa. A nan mutane da yawa ke yin asara, domin zaman haƙurin da suke yi shiru, yarda ce a idon shari'a.

Shi ya sa mai hankali yake ɗaukar hoton bangon tun ranar farko, ya sanar da mai gida gaban shaidu, in ya ƙi a je wurin mai unguwa kafin kotu. Duk gyaran da za a cire daga kuɗin haya kuma, a rubuta shi a sa hannu kafin a sayi ko da gam na bututu.