Mari Ko Magana?

Akwai wani ciwo da mu mutanen ƙasar Gumel ba mu son ambatonsa a fili. In mutum ya karye, kowa ya san hanyar gidan maɗori. In kuwa hankalinsa ne ya taɓu, ko baƙin ciki ya danne shi har ya daina magana, sai a ja ƙofa a ce wa maƙwabta ya yi tafiya.

Baffana dillalin shanu ne a kasuwar Maigatari, wadda ke ci ran Alhamis. Wata shekara ya sayar da shanun mutane bashi, mai sayen ya tsallaka iyaka, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Baffa ya sayar da gonarsa ya biya, amma daga nan ya daina fita, ya daina cin abincin kirki. Sau biyu ana tarar da shi da asuba zaune a bakin rijiya, kowa kuwa ya san zurfin rijiyoyin ƙasarmu. Kakata ta tsorata, manya suka taru, aka kira maƙeri ya sa masa mari. Wallahi ba mugunta ce ta sa su ba, tsoro ne da ƙauna. Amma marin ya ci masa ƙafa, kuma mutumin da kunya ce ciwonsa tun farko, ga shi yara na leƙensa ta kafar darni. An tsare shi daga rijiya, an jefa shi cikin wata cutar.

Daga baya aka kai shi wani asibiti a Kano. An ba shi ƙwayoyi, amma abin da ya fi ba mu labari shi ne wani ma'aikaci da yakan zauna da shi, ba allura, ba komai, sai magana. Watau warkarwa ta hanyar tattaunawa ke nan. Yakan tambaye shi wane tunani ne ke zuwa masa da dare. Baffa ya ce, tunanin cewa ya zama abin kunya, gara ma babu shi. Sai su ɗauki tunanin nan su auna shi kamar hatsi a mudu. Wa ya ce da kai haka? Mutum nawa ne za su sayar da gona don su biya bashin da ba su suka ci ba? Sa'an nan ya ba shi ɗan aiki: makon nan ka fita masallaci, mako mai zuwa ka zauna a majalisa ko da ba ka ce uffan ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sharaɗin da ya gindaya masa tun ran farko. Ya ce duk abin da Baffa ya faɗa ba zai fita daga ɗakin ba, sai abu ɗaya tak: in ya ga ransa ko ran wani na cikin haɗari, to, tilas ya sanar da wanda zai iya tsarewa, kuma zai gaya masa kafin ya yi.

Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma gaskiya ne, domin ba wanda zai buɗe zuciyarsa ga mai kwarmato. To, amma riƙon sirri yana da iyaka, wasu ma sai da aka yi asarar rai suka gane. Cikin 1969, a Kalifoniya ta Amurka, wani ɗalibin jami'a ya gaya wa mai duba shi cewa zai kashe wata yarinya. Aka sanar da 'yan sandan jami'ar, suka tsare shi kaɗan suka sake shi, amma ba wanda ya gargaɗi yarinyar ko iyayenta. Bayan wata biyu ya kashe ta. Cikin 1976 babbar kotun jihar ta yanke cewa wajibi ne mai wannan aiki ya kare wanda aka yi wa barazana.

Tsare rai kuwa ba lalle sai da sarƙa ba. Tun 1954 Dokta Adeoye Lambo ya nuna haka a Aro, kusa da Abeokuta, inda ya riƙa saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, da rana su zo asibiti. Duk da haka, cikin Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa. Sai cikin Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye ta 1958. A jiharmu ma akwai asibitin masu wannan ciwo a Kazaure.

Mu 'yan makarantar kwana ba likitoci ba ne, amma bayan an kashe fitila mu ne ke jin abin da iyaye da malamai ba sa ji. Sau da yawa akan fara da, "Ka rantse ba za ka gaya wa kowa ba." Ni dai ga matsayina. In zancen budurwa ne, ko faɗuwa jarrabawa, ko rigimar gida, har abada ba mai ji daga bakina. Amma in abokina ya ce ya gaji da duniya, ko ya ɓoye wuƙa saboda wani siniya da ke zaluntarsa, zan gaya masa a kan idonsa cewa wannan ba zan riƙe ba. Na san zai yi fushi, watakila ya yi wata guda bai kula ni ba. Zan bar shi ya zaɓi malamin da ya fi yarda da shi, mu je mu buga masa ƙofa tare, ko da ƙarfe biyun dare ne.