Ƙiba Bayan Jinya da Tabon da Ya Rage: Lissafin Kwano, Lissafin Diyya

Akwai majinyatan da buƙatu biyu kan yi wa taron dangi. Mutum ya faɗi a babur a hanyar Daura zuwa Mai'aduwa, ko ƙarfe ya yanke shi a wurin gini, ko man suya ya ƙone ta a madafa. A kwanta wata biyu ko uku, 'yan dubiya na sallama da fura da lemon kwalba. Ranar da aka miƙe sai ga ƙiba a jiki, ga tabo a fata. Ana son a rage ta farko, ana son a karɓi hakkin na biyu. Irinsu nake gani a tagar ɗakin magani, kuma da su nake magana yau.

Abincin da ke ba jiki ƙarfi iri uku ne: sitaci da sukari, sai furotin mai gina jiki, sai maiƙo. Giram ɗaya na sitaci kalori 4 ne, na furotin ma 4, amma na maiƙo 9. Wannan tara ɗin ita ce inda gizo ke saƙa. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120, kuma ba na jin akwai mai garau-garau da ke tsayawa a cokali ɗaya. Kwalbar lemo mai santilita 35 tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali tara, wato kalori 150 ko kusa da haka. Idan ka bar kwalbar nan, ka rage cokali biyu na mai, ka janye ƙananan cokula shida na sukari daga fura da shayi, ka zubar da kalori wajen 500 a yini ba tare da ka taɓa malmalarka ba. A farkon tafiya, wannan kan rage kusan rabin kilo a mako.

Manhajojin waya masu ƙirga abinci ba su san girman malmalar gidanku ba, ba su kuma san yawan man da ya shiga miyar taushe ba. Don haka ban damu ka ƙirga kowane giram ba. Ka zaɓi kwano ɗaya da ludayi ɗaya, ka riƙe su ma'auni, ka auna nauyinka sau ɗaya a mako.

Sai dai ga sharaɗina, kuma a kansa ba na sassauci: muddin ciwo bai rufe ba, ba lokacin rage ƙiba ba ne. Da furotin jiki ke saƙa sabuwar fata. Lafiyayyen baligi yana buƙatar giram 0.8 a kowane kilo na nauyinsa, mai rauni kuwa 1.2 zuwa 1.5. Mai kilo 80 ke nan zai tashi daga giram 64 zuwa tsakanin 96 da 120 a yini. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal. Giram 100 na busasshen wake yana ba da wajen 23. Saura sai a nemo a nono, awara, kifi, ƙuli-ƙuli da tsoka marar kitse. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin sai da izinin likita. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan glibenclamide, kada ya yanke sitaci farat ɗaya, domin sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Shayin rage teɓa kuwa, galibinsa gudawa da fitsari yake sa ka, ruwa ne ke fita ba kitse ba. An sha samun sibutramine ɓoye a cikin irin waɗannan kayan, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarinsa ga zuciya.

Tabo ba ya nuna kamanninsa na ƙarshe sai bayan wata 12 zuwa 18. Da fari yakan yi ja ko baƙi, ya taso, ya yi ƙaiƙayi, daga baya ya kwanta. Wani kuma ya ƙi kwanciya ya zarce iyakar raunin, shi ne keloyid, kuma ya fi yawa a baƙar fata. Man silikon da kare wurin daga rana suna taimakawa. Man bilicin mai clobetasol sirantar da fata yake yi, ya bar ka da tabo biyu maimakon ɗaya.

Wannan jinkiri na tabo shi ya sa nake tsoron sulhun gaggawa. An saba, dattawa su zauna kwana uku da hatsari, a biya kuɗin allura da ɗinki, a yi fatiha. Yafiya alheri ce, amma a yi ta bayan an san abin da ake yafewa. Malamanmu na Malikiyya sun riga mu gano haka: a Risala ta Ibn Abi Zaid, ba a ƙayyade diyyar rauni sai ya warke, kuma ana duba ko ya bar aibi. Raunin kai ko fuska da ya bayyana ƙashi, wanda ake kira muliha, diyyarsa raƙuma biyar ce.

Idan a bakin aiki ka ji ciwon, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta shafe ka, kuma hukumar NSITF ke gudanar da asusun, wanda masu ɗaukar aiki ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansu. Ka sanar da wurin aikinka cikin kwana 14, su kuma su kai rahoto cikin kwana 7, sannan a shigar da buƙatar diyya cikin shekara ɗaya. Dokar ta tanadi biya a dunƙule ga mummunan tabo na dindindin da zai iya rage wa mutum abin da yake samu. Ka lura, wa'adin shekarar na iya cika tabo bai gama nuna ba, don haka a shigar da takarda da wuri. Idan mota ce ta buge ka, inshorar da doka ta wajabta wa kowace mota ta haɗa da raunin wanda aka buge. Ka rubuta lambar motar, ka sami rahoton 'yan sanda.

Duk inda za ka, takarda za a tambaye ka. Ka adana katin asibiti da rasiɗin kowane magani, ko na naira ɗari biyu ne. Ka ɗauki hoton raunin duk wata, da rana, ka ajiye rula a gefensa. Ka roƙi likita ya rubuta tsawon tabon da faɗinsa da santimita, ya kuma faɗi ko ya hana gaɓa miƙewa, domin tabon da ya ɗaure yatsun tela ba ɗaya yake da wanda riga ta rufe ba.