Rigar Leda a Kotun Johannesburg

A kan wani tudu da ke tsakiyar birnin Johannesburg akwai tsohon kurkuku mai suna Old Fort. A harabarsa aka taɓa tsare Mahatma Gandhi, aka kuma tsare Nelson Mandela a 1962. Da mulkin wariyar launin fata ya kau, sai mutanen Afirka ta Kudu suka gina Kotun Tsarin Mulkinsu a wannan haraba, aka buɗe ta a 2004. Tubalan sashen da ake kulle masu jiran shari'a ma ba a zubar ba, da su aka ɗaga bangon zauren alƙalai.

Ranar da na ziyarci wurin, na tarar da kotun cike da zane-zane da sassaƙe-sassaƙe. Mai shari'a Albie Sachs, wanda bom ɗin jami'an tsohuwar gwamnati ya raba da hannunsa na dama a Maputo a 1988, yana cikin waɗanda suka jagoranci tara su.

Na fi daɗewa a gaban wata riga shuɗiya da mai zane Judith Mason ta ɗinka da leda a 1998. Ta yi ta ne don tunawa da Phila Ndwandwe, matashiya 'yar gwagwarmayar ANC, wadda 'yan sandan ciki suka sato daga Swaziland a 1988. Sun tuɓe ta, suka nemi ta zama 'yar leƙen asirinsu, ta ƙi, suka harbe ta. Sai da makasanta suka nemi afuwa a gaban Hukumar Gaskiya da Sasantawa, wadda Desmond Tutu ya shugabanta, sannan aka san inda suka binne ta. Da aka tono ta a 1997, an sami leda a ƙugunta, wadda ake jin da ita ta suturta kanta.

Hukumar ta yafe wa makasan, domin ƙa'idarta ita ce wanda ya fallasa gaskiya duka kan laifin da ya aikata saboda siyasa, a sake shi. Da wannan ciniki aka sayi zaman lafiya, kuma waɗanda aka kashe wa 'ya'ya ne suka biya kuɗin. Shari'a ta rufe littafinta, amma rigar tana rataye a gidan alƙalai, tana tuna musu da mutuncin da aka keta.

A nan ne tunanin gida ya faɗo mini. Mu ma mun kafa Kwamitin Oputa a 1999, jama'a suka yi kuka a gabansa, ya miƙa rahotonsa a 2002, amma gwamnati ba ta fitar da shi a hukumance ba. Ciwon da aka rufe ba a wanke ba, ruɓewa yake yi. Marubutanmu da mawaƙanmu da masu zane suna da sauran aiki: su ambaci sunayen waɗanda aka zalunta, tun kafin shaidu su ƙare.