Gajimaren da Ke Tsaye a Kan Wayoyi

Kamfanin da ya yi hayar kwamfuta a abin da ake kira gajimare ba ya ganin kayan da yake biyan kuɗinsu. Suna can cikin wani dogon gini marar taga, jere a kan kantocin ƙarfe, kowace kanta ɗauke da kwamfutoci gommai. Sayen kwamfutocin abu ne mai sauƙi ga mai kuɗi. Abin da ke hana injiniyoyi barci shi ne yadda za a haɗa dubban kwamfutocin nan da waya har kowace ta iya magana da kowace ba tare da cunkoso ba.

Tsohon tsari kamar bishiya yake: wayoyi na tashi daga kantoci, suna haɗuwa mataki-mataki, har su ƙare a wasu manyan na'urorin rarraba saƙo guda biyu masu tsadar gaske. Hakan ya wadatar muddin yawancin saƙonni daga waje suke shigowa su koma waje. Yanzu kuwa buɗe shafi guda na sa kwamfutoci da dama tambayar juna kafin a haɗa amsa, don haka zirga-zirgar cikin gida ta rinjayi ta bakin ƙofa. Sai kowa ya taru a kan gada ɗaya, kuma ranar da gadar ta karye, an shiga uku.

Maganin ya girmi intanet. A shekarar 1953 Charles Clos, injiniya a Bell Labs da ke Amurka, ya nuna yadda za a jera ƙananan na'urori hawa-hawa a cibiyar tarho ta yadda kowane kira zai sami hanya. Shekara sittin bayan haka, manyan kamfanonin fasaha suka koma wa dabararsa. A cibiyar da Facebook ya buɗe a Altoona, jihar Iowa, a 2014, an kasa ginin rukuni-rukuni. A lokacin, kowane rukuni na da kanta 48 da na'urorin rarrabawa huɗu, kowace kanta kuma tana da waya mai gudun gigabit 40 zuwa ga kowace ɗaya daga cikin huɗun.

Hikimar tana cikin lissafin asara. Idan na'ura ɗaya ta mutu, rubu'in ƙarfin rukunin ne ya tafi. Saƙonni su bi sauran ukun, ma'aikaci ya canja ta da rana tsaka ba tare da mai kallon hoto a wayarsa ya ji komai ba. Masu tsarin sun ɗauka tun farko cewa kaya za su lalace, kuma wannan ya fi gaskiya a kan neman na'urar da ba ta mutuwa.

Akwai farashi, ba shakka. Hanyoyi da yawa na nufin dubban wayoyin faiba, kowace da ƙaramar na'urar haske a bakinta biyu, masu cin kuɗi da lantarki. Waya ɗaya da aka soka a ramin da ba nata ba na iya ɗaukar sa'o'i ana nemanta. Shi ya sa ake zana hanyar waya tun kafin a zuba harsashin ginin.