Gidan da kifi ke ciyar da alayyafo

'Ya'yan tarwaɗa arba'in muka saya. Kwana tara suka yi a hannunmu, aka wayi gari saura goma sha ɗaya. Mu huɗu ne, 'yan aji biyu a jami'a, muna haya gida ɗaya a Samaru. Daga kuɗin abincinmu muka yi karo-karo muka sayi duro biyu da bututu da ɗan injin tura ruwa, da niyyar gwada abin da ake kira akwafonik, wato kiwon kifi da noman ganye da ruwa ɗaya, ba tare da ƙasa ba. Muna cikin kwashe matattun kifin da rariya ne ɗayanmu ya tuna yana da kawu a cikin birnin Zariya, tsohon malamin makaranta, wanda ya shekara uku yana wannan aikin a gidansa.

Ranar Asabar da sassafe muka hau bas, muka bi ta Kwangila da PZ da Tudun Wada, muka sauka a Ƙofar Doka. Daga nan sai Keke Napep, daga bisani sai ƙafa, domin lungun gidan ko babur da ƙyar yake shiga. Muka yi sallama a zaure, aka yi mana iso.

Tsakar gidan bai kai rabin ajinku girma ba. A jikin katanga, ƙarƙashin rumfar kwano, akwai farin tankin roba mai cin lita 1,000, irin wanda ake sakawa cikin kejin ƙarfe. An yanke samansa, an juya shi ya zama kamar faffaɗan baho, an ɗora a kan tankin an cika shi da tsakuwa, zurfin kamar santimita 30. Bahon ya leƙo waje inda rana ke samunsa, kuma a cikin tsakuwar nan alayyafo da latas da na'ana'a suka yi kore shar, ga tumatir biyu sun kama igiya sun nufi sama. A ƙasa tarwaɗa na ta kai da komo. Abin da ya fara ba mu kunya shi ne babu wari ko kaɗan, alhali namu duron sai an toshe hanci.

Bayan mun durƙusa mun gaisa, muka zayyana masa abin da ya faru.

"Kwana nawa kuka bar ruwan yana zagayawa kafin ku zuba kifi?"

Muka kalli juna. "Kawu, ai ranar muka zuba."

"To, 'ya'yana, ku kuka kashe su. Halitta uku ake kiwo a nan, ku kuwa biyu kuka sani."

Ta ukun ita ce bakteriya, kuma a kanta ya fi daɗewa. Kifi yana fitar da sinadarin ammoniya, kashinsa da ragowar abincinsa ma in sun ruɓe ita suke zama. In ta taru a ruwa, guba ce gare shi. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama a jikin jiƙaƙƙiyar tsakuwa, su mayar da ammoniya naitirait, wanda shi ma guba ne. Sai wasu na daban su karɓa su mayar da shi naitiret, wanda shi ne takin da saiwar ganye ke sha. Ruwan ya koma wa kifi a tace. Duk wanda ya yi darasin zagayen naitirojin a ajin bayoloji ya taɓa zana wannan a littafinsa. Mu ma mun zana, mun ci jarrabawa, amma ba mu gane shi ba sai a tsakar gidan Kawu. Matsalar ita ce ƙwayoyin nan ba sa yawaita dare ɗaya. Sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida, in da sanyin hunturu ma su fi haka. Mu kuwa mun zuba kifi arba'in a kan sabuwar tsakuwa, muna ɗura musu abinci sau huɗu a rana don su yi saurin girma.

Muna cikin magana sai muka ji ƙulululu, ruwan bahon ya zube gaba ɗaya cikin tanki. Wani bututu ne aka kifa a kan wani, in ruwa ya cika sai ya zuƙe shi da kansa. Da haka saiwa ke samun ruwa, sannan ta samu iska.

Sauran abubuwan a tsaye ya nuna mana. Ya matsa lemun tsami a kan tsakuwa: in ta yi kumfa, akwai farar ƙasa a cikinta, za ta ɗaga ma'aunin pH, wanda ake so ya tsaya tsakanin 6 da 7. Ruwan famfo a bar shi a buɗe kwana biyu kulorin ya fita, don yana kashe bakteriyar. Abincin da kifi bai cinye ba cikin rabin awa a kwashe. Maganin ƙwari kuwa haram ne a wajen, da hannu yake tsince tsutsa.

Wuta ce babbar damuwa. In injin ya tsaya, komai ya tsaya, shi ya sa ya haɗa shi da ƙaramin faifan sola da batir. Shi ya sa kuma ya zaɓi tarwaɗa a kan karfasa, domin tarwaɗa na iya leƙowa ta shaƙi iska a saman ruwa, tana jure abin da karfasa ba za ta jure ba. A ganinmu nan ne masu bidiyon intanet ba sa faɗin gaskiya duka. Abin yana cin kuɗi a farko, kuma baho ɗaya ba zai riƙe gida ba. Kawu da kansa ya ce ganyen miya da kifin ranar Juma'a yake samu, sai kuma sauƙin ruwa, tun da wanda rana ta shanye da wanda ganye ya sha kawai yake ƙarawa.

Da za mu tafi ya ɗebo mana rabin bokitin tsakuwa daga bahonsa, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu, ya ce kada mu bari ta bushe a hanya, irin bakteriya ne a jikinta. A bas yaron mota ya leƙa bokitin ya tambaya ko a Samaru tsakuwa ta ƙare ne. Muka biya mata kuɗin kujera.

Yau kwana ashirin ke nan da muka juye ta cikin namu bahon. Abinci sau ɗaya muke bayarwa, muna canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk lokacin da ruwan gwaji ya nuna ammoniya ta hau. Kifayen nan goma sha ɗaya suna nan, alayyafon ya fitar da ganye na huɗu, kuma mun yi alkawari ba za mu ƙara kifi ko ɗaya ba sai Kawu ya zo ya duba.