Karofin Ƙofar Mata

Mu 'yan Kano mukan wuce Ƙofar Mata a adaidaita sahu, ko waiwaye babu. Baƙo kuwa tun daga Faransa zai zo takanas, ya tsuguna bakin rami, ya zuba wa marini ido yana tsoma farin yadi a ruwan baba da toka. In marinin ya ɗago, yadin ya sha iska, sai kore ya rikiɗe ya koma shuɗi. Ranar da na tsaya kusa da irin wannan baƙo na kalla, raina ya sosu. Sana'ar nan ta haura shekara 500, amma yau ramuka da yawa sun bushe, shara ta cike wasu. Ɗan'uwa, ka kai yaranka su gani, ka sayi ko mayafi ɗaya ne.