Tsarabar Kuba da hunturun Maradi

Yau kanmu za mu tona, kuma mun daɗe muna shawara da zuci kafin mu rubuta.

Bara wani yayanmu, ɗan wan babanmu, ya dawo daga ƙasar Kuba inda ya yi karatun likita. Cikin tsarabar da ya raba, mu aka miƙo wa ɗan akwatin katako. Da muka buɗe sai ga taba guda biyar, kowace ta fi yatsa kauri, irin wadda Faransawa ke kira cigare, mu kuma a fada muke cewa sigar. Wani abokinsa ne ya ba shi ranar bankwana. Ya ce mana: "Ƙane, don kallo na ba ka, ban ce ka sha ba." Muka ce to, Yaya.

Sunan da ke jikin zoben takardar ne ya fara jan mu: Montecristo. Duk wanda ya zauna a lise ya san littafin Alexandre Dumas mai wannan suna. Yaya ya ce ai daga can aka samo shi. Tun 1865, a masana'antun taba na birnin Havana, ana ɗaukar mutum guda ya hau wuri mai tudu yana karanta wa masu naɗin taba jarida da littattafai, su kuwa hannunsu na aiki. Labarin Dumas na cikin waɗanda suka fi so, shi ya sa aka raɗa wa wannan taba sunan a 1935. Muka ce kai, wannan ai aikinmu ne tun kafin a san rediyo. Daga nan zuciya ta fara raya mana cewa ɗanɗanawa sau ɗaya ba komai.

Ta farko asara muka yi. Bayan sallar isha muka laɓe a bayan gida don kada Inna ta gani, muka ciji kan, muka kunna da alimeti, muka zuƙa har ƙirji kamar yadda muke ganin masu sigari na yi. Ba a yi minti goma ba jiri ya kwashe mu, zufa ta keto, cikinmu ya juya. Daga baya muka gane ba a haɗiye hayaƙin sigar. A baki ake tsayar da shi a fesar, kuma ko a hakan nikotin na ratsa fatar baki ya shiga jini.

Maimakon mu haƙura sai muka shiga neman sani. Sigar ganye ce zalla, hawa uku: na ciki mai ba da ƙarfi, na tsakiya mai ɗaure shi, da na waje mai santsi wanda ido ke gani. Mafi suna a Kuba daga yankin Vuelta Abajo na lardin Pinar del Río ake noma shi. Masana abin suna cewa a yanke kan da wuƙa mai kaifi, a gasa bakin a hankali, a riƙa zuƙa kamar sau ɗaya a minti, don in ta yi zafi ɗaci kawai za a ji. Ta biyu a fada muka kunna ta, abokai na dariya suna kiran mu Castro. Gaskiya mun ji abin da ake faɗi: da farko ƙanshin itace, a tsakiya wani abu kamar gasasshen kafe, can ƙarshe yaji mai kama maƙoshi. Mun fi awa ɗaya a kanta, shayi ya zagaya har na uku.

Sauran ukun kuwa hunturu ya same su. Sigar tana son laima wajen kashi 70 cikin 100 da sanyi kusan digiri 20, shi ya sa masu ita ke ajiye ta cikin akwati na musamman da aka shimfiɗe da wani katako mai riƙe danshi. To ku da kanku kun san iskar Janairu a Maradi, wadda ke tsaga leɓe da diddige. Ganyen waje ya fara fashewa. Muka sa su a firigo muna ganin dabara ce, ashe firigo ma busarwa yake yi.

Wanda ya fahimtar da mu tsoho ne mai goro a babbar kasuwa, bai taɓa ganin sigar ba. Ya jujjuya ta ya ce: "Ɗana, wannan ai kamar goro ce. Ka bar ta da ƙishirwa ta bushe, ka cika mata ruwa ta ruɓe." Ya nuna mana yadda yake lulluɓe huhunsa yana yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan. Muka samo roba mai murfi, muka sa ɗan jiƙaƙƙen soso a gefe yadda ba zai taɓa ganyen ba. Sai da aka yi makonni kafin laushi ya dawo. Garin gaggawa muka ƙara ruwa, guda ɗaya ta yi fumfuna muka jefar. Da bazara ta kama zafi ya haura digiri 40, ga fargabar ƙwaron taba da ke ƙyanƙyashewa cikin ɗumi yana huda ganye. Muka wayi gari muna duba roba safe da yamma kamar mai jinya.

Ta ukun da muka sha ita ta kawo ƙarshen zancen. Washegari muna karanta labaran safe murya ta shaƙe, sau biyu muna rufe makirfo mu yi tari. Wani dattijo da ba ya fashin shirinmu ya kira ya ce: "Ɗana, mura ce? Allah ya sawwaƙe." Muka amsa da amin, kunya kamar ƙasa ta tsage. Da muka koma gida Inna ba ta ɗaga kai daga tsintar shinkafa ba ta ce: "Ni ba mura na ji ba, wari na ji a rigarka." Sannan ta tuna mana kakanmu, mai gonar taba a bakin gulbi, wanda kullum garin taba da kanwa na cikin kuncinsa, da gyambon bakin da ya hana shi cin tuwo a ƙarshen rayuwarsa.

Muka je wa Yaya da maganar. Ya ce babbar sigar guda tana iya ɗaukar taba kwatankwacin kwalin sigari cikakke, kuma rashin haɗiye hayaƙi ba ya kare leɓe, harshe da maƙoshi daga ciwon daji. Ya ƙara da cewa Fidel Castro da muke kwaikwayo, wanda aka fara yin Cohiba dominsa a 1966, shi kansa ya daina sha a 1985. Abin da ya fi yi mana ciwo, mu ne duk ranar 31 ga Mayu ke tunatar da ku dokar yaƙi da taba ta 2006, wadda ta hana shan ta a wuraren taruwar jama'a. Da wannan murya muke ciyar da gida, da ita muka yi wasa.

Guda ɗaya ta rage. Tana nan cikin akwatinta a kan kanta, mun daina jiƙa soso, ta bushe ƙayau. Ranar da ƙanenmu ɗan lise ya tambaye mu daɗinta, mun gaya masa gaskiya: akwai ƙanshi, akwai kuma tari a gaban dubban masu saurare. Muka ba shi labarin mai karatu na Havana, muka aro masa littafin Dumas.

Ku fa, akwai tsarabar da ta taɓa jan ku inda ba ku yi niyya ba? Ku faɗa mana a ƙasa. Sai mun haɗu a shirin safe, in Allah ya kai mu.